Motar da Aka Sa wa Iska

Ƙarar ruwa ce a kan murfin duro, amma ba irin wadda na saba ji ba. Ruwan farko na shekarar ya sauko da hantsin wata Asabar, ina durƙushe a kicin ina tankaɗen garin tuwo, sai na ji tas, tas, tas, kamar yaro na dukan faranti da cokali. A gidanmu ruwan kwano yakan taru a indararo, ya bi wani farin bututun roba, ya shiga duro ta hujin murfi da wata murya mai zurfi wadda ko cikin barci na san ta. Wannan kuwa a saman ƙarfe yake faɗowa yana fantsama. Na leƙo da rariya a hannu. Indararo na nan, duro na nan, bututu ne babu.

Na yafa mayafi na fita ƙofar gida. Maigidana na zaune a ƙarƙashin rumfar da yake ajiye mota, bonet a buɗe, bututuna a kan cinyarsa yana auna shi da yatsu.

Na ce, "Malam, ruwana yana zuba a ƙasa."

Ya ce, "Allah zai kawo wani. Yanzu damina ta fara."

"Ruwa kam zai kawo. Bututun fa, shi ma daga sama zai sauko?"

Ya yi dariya bai ɗago kai ba. "Aro na yi, Malama." Haka yake kirana idan yana so ya rufe min baki, don na gama sakandare kafin a yi mana aure, shi kuwa a aji uku ya tsaya ya shiga koyon gyaran rediyo.

A lokacin ba a daɗe da mayar da Lafia babban birnin jiha ba. Baƙi sun cika gari, komai ya yi tsada, wutar lantarki kuma ba ta zama, saboda haka shagonsa na gyaran rediyo da fanka ya fi tara masu hira fiye da masu kawo aiki. Abin da ke riƙe da tukunyata shi ne motar nan, tsohuwa 'yar Kwatano mai ruwan toka. Duk ranar kasuwar Assakio yakan rufe shago ya ɗauki wasu mata huɗu 'yan kasuwa, ya kai su, ya jira su, ya dawo da su da kayansu. Shugabarsu maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa 'yar Eggon mai sana'ar doya, wadda katanga guda ta raba mu. Ina ce mata Mama, tana ce min Amarya, ko da yake ina da 'ya mai shekara bakwai da goyo a baya. Ta kan katangar nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi, ita ta miƙo min shinkafar Kirsimeti, ni in miƙa mata naman layya.

Sai ga wahalar man fetur. Maigida yakan wuni a layi ya dawo ba ko ɗigo, idan ya saya a galan a bakin titi kuma, abin da ya samo a hanya can yake ƙarewa. A cikin wannan zaman layin ne tunanin ya zo masa. Ya lura cewa da sassafe, ko bayan an yi ruwa, motar tana da ƙarfi, amma idan za su dawo da azahar ga kaya ga zafin rana, sai ta yi nauyi kamar jakin da ya gaji, sai ya danne totur tana zuƙar mai a banza. Ya nuna min wani baƙin kwano a saman injin, mai hanci gajere, ya ce ta nan take numfashi, hancin kuma yana kallon wurin da ya fi ko'ina zafi a cikin injin.

Ya ce, "Ke idan aka ce ki yi gudu kina shaƙar tururin tukunya, za ki iya? Hanci zan ƙara mata, ya fito har gaba, ta riƙa shaƙar sanyi daga waje."

Na tuna malaminmu na kimiyya da ya kifa kofin gilashi a kan kyandir muka ga wutar ta yi ƙasa ta mutu. Na gane maganar maigida sarai. Sai dai ganewa daban, kwanciyar hankali daban. Na ce ko ya kai wa bakanike. Ya ce bakanike zai ce a sayo na kanti, na kanti kuma sai an aika Jos, in ma akwai. Na ce idan robar ta narke ta kama da wuta fa? Ya ce zai nisanta ta da zafi. Na ce idan ya faɗa kududdufi ta zuƙi ruwa fa? Nan ya dube ni, sannan ya ɗaga bakin bututun daga ƙasan bamba inda ya yi niyya, ya mayar da shi sama kusa da fitila. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nemi ya ce ba.

Da ruwa ya ɗauke ya ari kurfotina da garwashi a ciki. Ya ɗura wa bututun yashi ya toshe bakinsa da tsumma, wai don kada ya lotse wajen lanƙwasawa, ya riƙa juya shi a kan wuta a hankali kamar mai gasa masara. Da gefe guda ya taɓa garwashi sai wani baƙin hayaki mai wari ya tashi, ya haura katanga, ya bi layi. Ya yanka tsohon tib na taya ya fitar da dogayen baƙaƙen igiyoyi, da su ya ɗaure mahaɗar tam. Ya yanko ragar sauro ta waya daga tsohuwar taga ya rufe bakin don kada ganye ko ƙwaro ya shiga. Yana da wata ɗabi'a, idan aiki ya ci ransa leɓɓansa ba sa tsayawa, rabi istigfari rabi lissafi. Haka ya wuni sunkuye a cikin injin yana motsa baki, masu wucewa suna yi masa sannu da aiki ba ya ko ji.

Bayan la'asar ya yi bismillah ya murɗa makulli. Ta tashi lafiya. Da ya taka totur ne muka ji abin. Da farko wani dogon zuƙa, kamar mutum ya ja numfashi ta tsakanin haƙora, sannan ya koma wani gurnani mai zurfi daga can ciki, idan ya saki kuma sai ta yi ajiyar zuciya. Goyona ya farka. 'Yata kuwa tsalle take tana tafi.

Ta ce, "Baba, me ka yi mata?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba ya kama sunanta. Ya goge hannu da tsumma, fuskarsa fal murna, ya ce, "Iska na sa mata, uwata. Yanzu za ki ga gudu."

Ko ta rage shan mai, ko ba ta rage ba, har yau ba zan iya rantsewa ba. Shi ya ce ta rage. Na dai san ya rage zuwa layi, amma a watannin nan ya kuma canza fulogi, ya daina yawon da ba dole ba. Na sa tsohon kwano na tare ruwan indararo, muka ci gaba da zama.

Abin bai zo min a dunƙule ba, a tsinke-tsinke ya zo. Yaran layi da suke cika min tsakar gida da wasan gaɗa suka ɗauke ƙafa. Na ce makaranta ce. Na je gidan suna a bayan layinmu, ina sallama hirar ɗakin ta yanke, aka amsa min da fara'ar da ta yi yawa, aka matsa min wuri mai faɗi fiye da jikina. Da yamma ina leƙe ta labule maigida ya tayar da mota, sai na ga wata mata da ke wucewa ta fizge hannun ɗanta ta tsallaka ɗaya gefen tana motsa baki. Ranar kasuwa ta zo, biyu daga cikin matan suka aiko cewa ba su da lafiya. Kasuwar da ta biyo baya Mama da kanta ta aiko jikanta ya ce ta bi wata motar, wai ta yi sammako. Maigida ya fita tasha neman fasinja ya dawo kafin azahar, ya ɗebi ruwa ya wanke motar da ya riga ya wanke da safe. Ban tambaye shi ba. Na ƙara wa miya ruwa.

Abin da ya tsinka min zuciya shi ne 'yata. Ta dawo daga Islamiyya ba ta cire hijabi ba ta zauna a bakin ƙofar kicin. Yarinya ce mai surutu, tun daga zaure nake jin labarin wanda aka daka da wanda ya yi barci a aji. Ran nan shiru. Na ce ina kofinta na ruwa? Ta fito da shi daga jaka. Ta ce yanzu ba mai aron sa. Ta ce a tabarmarsu ita kaɗai ce a gefe guda, sauran sun cunkushe a ɗaya gefen har malama ta yi musu faɗa, suka matso, tana juya baya suka koma.

"Kin yi faɗa da wata?"

Ta girgiza kai.

"Me suka ce kin yi?"

Ta ce ba su ce komai ba. Ta sa yatsa tana zane a ƙasa.

Washegari na yi dambu na zuba a kwano. Ban miƙa ta katanga ba, na zaga na shiga gidan Mama ta ƙofa. Tana zaune tana ɓare agushi. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta dubi kwanon, ta dube ni.

Ta ce, "Amarya, zauna. Dambu ba zai tambaye ni ba, kai ne za ka tambaya."

Na zauna. Na ce, "Mama, me muka yi?"

Ta ajiye faranti. "An ce maigidan ka ya sa iska a cikin motan shi."

Na kusa yin dariya. Na buɗe baki zan ce ai gaskiya ne, sai maganar ta juyo min da ɗaya fuskarta. Iska da muke shaƙa, da iska da ake neman tsari daga gare ta, wadda ke shiga jikin mutum, wadda marasa tsoron Allah ke zuwa wurin boka su ɗauko don neman duniya. Kalma guda ce. Tun ina yarinya na san haka, ban taɓa tsayawa na dube ta ba sai a kan kujerar nan.

Mama ta ci gaba, tana lanƙwasa yatsu. An gan shi yana ƙona wani abu mai baƙin hayaki a ƙofar gida. An gan shi yana ɗaure-ɗaure da baƙin abu. An gan shi ya sa kai a cikin injin wuni guda yana magana da wanda ba a gani. Daga ranar motar ta fara nishi irin na mutum. Kowa na kwana a layin mai, shi tasa na yawo. Ɗaya daga cikin matan ta ce tun da ta shiga kanta ke ciwo, ɗayar ta ce doyarta ta ruɓe a buhu.

"Kuma ka san abin da ake faɗi. Irin wannan abu ba ya aiki kyauta. Wata rana a hanya zai karɓi jini." Ta rage murya. "Ni ina zuwa coci, kai kana sallah, amma iska ba ya tambaya wane ne wane. Ina da jikoki, Amarya."

Na ce, "Wa ya fara faɗa?"

Ta ce, "Ba maƙiyi ba ne. Yarinyan ka ne ya faɗa a makaranta, da bakin shi. Ya ce Baban shi ya sa iska a mota, yanzu za a ga gudu. Yara suka kai gida. Ka san yaro ba ya ƙarya."

Na dawo gida. 'Yata na tsakar gida tana yi wa ƙaninta wasa da murfin kwalba. Na dube ta na ƙudura a raina cewa ba za ta taɓa ji daga bakina ba, ubanta ma ba zai ji ba.

Na bari maigida ya ci abincin rana sannan na gaya masa sauran. Ya yi dariya har ya ƙware. Ban taya shi ba. Dariyar ta ƙare a hanya, ya zauna yana kallon hannayensa. Mutum ne da ba ya rasa sahun farko a masallaci, sai a lokacin ya ce min kwana biyu wanda ke tsayawa kusa da shi a sahu yana barin 'yar tazara, shi ya ɗauka warin fetur ne.

Na ce, "Malam, don Allah ka cire shi. Mu koma yadda muke."

Ya ce, "Idan na cire ta daina kuka, me za su ce? Za su ce asiri ya tonu na mayar da abin inda na ɗauko. Na amsa laifi ke nan da hannuna."

"Idan ka bari fa?"

"Su gaji su daina."

"Kafin su gaji me za mu ci? Yarinyar nan ita kaɗai take zama a tabarma."

Ya tashi ya fita. Gaskiyarsa ce, ni ma gaskiyata ce, kuma babu wadda ta isa ta fitar da mu.

Kwanakin da suka biyo baya ban san daɗin abinci ba. Duk fitar da zai yi da motar sai in ji kamar an ɗaure min ƙirji da igiyar tib ɗin nan, don na san yanzu ko taya ce ta fashe, ko akuya ya buge, magana ta tabbata har abada, kuma 'yata za ta girma da sunan. Na saba idan zai fita in tsaya a ƙofa in karanta Ayatul Kursiyyu in tofa wa motar. Ranar da na ɗaga kai na ga labulen gidan da ke kallonmu ya motsa, sai na haɗiye addu'ar. Daga nan a bayan ƙyaure nake yi, in tofa a tafin hannuna in shafa wa bango. Ko a sujada kunnena na waje. Sautin da na san bututun ruwana ne ke yin sa, ni ma sai da ya fara tayar min da tsigar jiki.

Ana gobe kasuwa na ce masa ina so ya buɗe bonet a gaban matan.

Ya ce, "In buɗe cikin motata a yi min caje kamar ɓarawo?"

Na ce, "Ba don su ba. Don uwarka." Na nuna ɗakin da yarinyar take.

Da safe na leƙa ta katanga na ce, "Mama, ban ce ki shiga ba. Ki zo ki gani da idonki kawai, ki kira sauran." Suka zo, suka tsaya nesa da rumfar, kowace da kwandonta. Wasu maƙwabta ma suka fito kamar masu shara. Maigida ya buɗe bonet ya shiga bayani, kafireta kaza, zafin injin kaza, duk cikin fushi. Ba mai fahimta, ba ma mai matsowa.

Sai dabara ta zo min, irin ta ajin kimiyya. Na shiga kicin na zaro itace mai hayaƙi, na ce ya tayar da ita, na kara a bakin ragar. Ya taka totur. Hayaƙin ya lanƙwasa ya shige bututun kamar zare a allura. Na juyo ina jiran in ga fuskoki sun saki.

Mai ciwon kan nan ta ja da baya. Ta ce, "Kun gani ko? Hayaƙi ake ba shi. Dama su abincinsu ke nan." Ta ɗauki kwandonta ta wuce tana neman tsari, mai doyar da ta ruɓe ta bi bayanta.

Na tsaya da itace a hannu kamar an dasa ni. Na zo gyara na ƙara ɓatawa. Ban iya kallon maigida ba.

Mama ce ta ce, "Oga, kashe shi." Ya kashe. Ta ajiye kwando, ta matso a hankali, ta leƙa. Ta ƙwanƙwasa bututun da bayan yatsa. Ta ja baƙar igiyar ta sake ta, ta yi ɗas. Ta sunkuya ta shinshina.

Ta ce, "Roba ne."

Na ce, "Roba ce, Mama. Iskar waje take ja, irin wadda ke kaɗa miki zani a igiya."

"Ku Hausawa iska guda nawa kuke da shi? Ku raba musu suna mana, kuna wahalar da mutane." Wani a baya ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni ido cikin ido. "Ido ya ga roba. Amma abin da ake tsoro ba a ganin shi da ido. Kai za ka shiga? Kai da yaran ka duka, har Assakio?"

Ni ba mai fita ba ce. Ban da asibiti da gidan suna da gidanmu, ban san hanya ba. Na dubi maigida. Ya rufe bonet, sannan ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Muka shiga, ni da goyo da 'yata da Mama a baya, ta huɗun matan, wata mai sayen gyaɗa da ba ta ce uffan ba tun da aka fara, ta zauna a gaba da ƙafa ɗaya kamar a waje. Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, ko da yake ba nisa gare ta ba. An yi ruwa da asuba, kwalta na sheƙi, ramuka sun cika sun ɓoye zurfinsu. Duk ramin da ya nufa sai in tuna bakin bututun, in ce ko ɗagawar da aka yi ta isa. Duk babbar motar doya da ta taho sai in ga kamar ta karkato gefenmu. A kowane hawa motar takan ja dogon numfashin nan ta yi gurnani, sai in ji yatsun Mama sun nutse a cinyata. Tana kiran Yesu a hankali, ina salati a hankali, ba wadda ta dubi 'yar'uwarta. A wani wuri shanu suka fito daga gona suka cika titi, ya taka burki, goshin mai gyaɗa ya kusa taɓa gilashi. Makiyayin ya kore su ya ɗaga mana sanda. Wuyan rigar maigida ya jiƙe sharkaf. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya riƙe sitiyari da hannu biyu tun daga gida har inda za shi ba sai ran nan.

Muka isa. Mama ta fito ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta daki saman motar da tafin hannu. Ta hango 'yan layinmu a wajen tulin doya, ta ɗaga murya yadda har masu tallan nono sai da suka juyo. "Ga ni nan, jini na yana jiki na. Faif na ruwa ne mutumin ya sa. Matan shi da yaran shi ne suka kawo ni."

Ba zan ce daga ranar komai ya koma daidai ba. Matan nan biyu ba su sake shiga ba har muka rabu da motar, ko a hanya muka haɗu gaisuwar daga nesa ce. A tasha sunan ya bi ta, 'yan kamasho na kiran "motar iska, saura mutum ɗaya," tun ana faɗa da ɗari-ɗari har ya koma wasa. Amma wannan duk daga baya ne. A ranar ban san ko ɗaya daga ciki ba, abin da na sani kawai akwai komawa gida a gabanmu, da buhunan doya a but da zafin azahar.

Maigida ya tafi taya su ɗaukar kaya. Na zauna a motar a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ƙofa a buɗe, ina ba goyo nono. Na saya wa 'yata ƙosai, yana hannunta cikin takarda ba ta taɓa ba. Tun daga gida ba ta ce komai ba. Ganyen mangwaron ya motsa, wani sanyi ya ratso ta tagar ya ɗaga gefen hijabinta. Ta bi shi da ido. Sannan ta matso ta jingina da kafaɗata, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda sai da na sunkuyo.

"Umma, ni ce na faɗa a makaranta. To ita wannan da muke shaƙa, wane suna zan riƙa ce mata, don kada a sake?"